Muhawara: Ciwon da 'yan gudun dogon zango suke ɓoyewa a jami'o'in Amurka

Malamin Lissafi:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina jinkirin kawo wannan magana, amma abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ga gara in baje shi a gabanku. Shekarata ta huɗu ke nan ina karatun digiri na uku a wata jami'a a tsakiyar Amurka, kuma cikin ayyukan da nake yi don samun na cefane akwai taimaka wa ɗalibai 'yan wasa da lissafi da daddare. A cikinsu akwai wani yaro ɗan Gabashin Afirka, ɗan gudun dogon zango, wanda duk makarantar ke alfahari da shi. Yakan shigo ajin da ƙullin ƙanƙara a ɗaure a ƙwaurinsa da leda, ruwan yana ɗiga ƙarƙashin tebur har ya taru, ya zauna ya buɗe littafi, kafin mu gama tambaya ta biyu kansa ya fara rinjaya. Duk ranar da na ce masa ya jiki, amsarsa ɗaya ce, lafiya lau, tare da murmushi.

Wani dare sai ya ƙi buɗe littafin. Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce mini ya fi mako uku bai yi barcin kirki ba, kuma da zarar ya tuna da gasar da ke tafe sai ƙirjinsa ya ɗaure kamar an ɗora masa dutse. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganarsa ta ƙarshe, domin kama hannuna ya yi yana roƙona kada kocinsa ya ji.

Domin ku fahimci rayuwarsu, ɗan ƙwallo yana da kakar wasa ɗaya a shekara, amma ɗan gudun dogon zango yana da uku a jere. Da kaka akwai gudun ƙetare daji, wanda ake yi a kan ciyawa da tudu da laka, ana kammala shi da gasar ƙasa a watan Nuwamba, maza kilomita 10, mata kilomita 6. Daga nan sai gasar rufaffen fili har zuwa Maris, sannan ta buɗaɗɗen fili har zuwa Yuni. Hutun bazara kuwa shi ne lokacin tara kilomitoci, kuma manyansu maza sukan yi daga kilomita 110 zuwa 160 a mako. Hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta ƙayyade awa 20 a mako na horo a lokacin gasa, sai dai tafiye-tafiye da zaman gashin ƙafa da gudun da aka ce na ganin dama ne duk ba sa shiga wannan lissafi. Tambayata ita ce, me ya sa yaron da ba ya jin tsoron ciwon kilomita 10 yake jin tsoron furta cewa zuciyarsa ba lafiya?

Tsohon Koci:

Wa alaikumus salam. Malam, na karanta bayaninka sau biyu, kuma ina tausaya wa yaron, amma bari in faɗi abin da ke raina ko da ba zai yi daɗi ba. Na yi shekaru ina horar da yara a tsaunukan Filato, a wajejen Pankshin, inda mafi yawan 'yan gudun dogon zangon Najeriya suke fitowa. Yaranmu suna fita da asuba cikin hazo da sanyi, wasu da takalmin da ya ɓule, su dawo su tafi gona, kuma babu wanda ya taɓa ba su likita ko ɗakin gashi ko abincin da aka auna. Wanda aka ɗauka aka kai shi Amurka, aka ba shi karatu kyauta da takalma kala-kala, me kuma ya rage masa in ba godiya ba? Gudun dogon zango sana'ar dauriya ce tun asalinta, kuma fargabar gasa kowa yana yin ta. Ni tsorona shi ne a riƙa sanya wa gajiya da fargaba sunan cuta, har yara su koyi raki.

Dakta Uwar Biyu:

Baba Koci, Allah ya ƙara girma. Na yarda da kai cewa fargabar daren gasa ba cuta ba ce, kuma babu likitan kirki da zai kira ta cuta. Amma fargabar gasa tana tafiya idan an busa usur, wanda kuwa ya yi mako uku ba barci, abinci ya fita ransa, abin da yake so a da ya daina yi masa daɗi, wannan ya wuce fargaba, ya shiga abin da muke kira ciwon damuwa, kuma yana da magani kamar yadda hawan jini yake da magani.

Akwai binciken da masana na Jami'ar Washington suka wallafa a 2024, inda suka bi diddigin mace-macen ɗalibai 'yan wasa na NCAA daga 2002 zuwa 2022. A cikin mutum 1,102 da suka rasu, 128 kashe kansu suka yi. A shekaru goman farko kason bai kai takwas cikin ɗari ba, a shekaru goman ƙarshe ya haura goma sha biyar cikin ɗari, har ya zama sanadi na biyu bayan haɗurra. Da suka rarraba bisa nau'in wasa, maza 'yan gudun ƙetare daji ne suka fi kowa yawa idan aka kwatanta da adadinsu. Ban kawo wannan don in ce gudu yana kashe mutane ba, domin motsa jiki yana cikin abubuwan da muke ba masu damuwa shawarar su yi. Na kawo shi ne don mu san cewa ba raki ake magana a kai ba.

Amsar tambayar Malamin Lissafi kuma, a ganina, tana cikin maganarka ne, Baba. Ka ce sana'ar dauriya ce, kuma gaskiya ka faɗa. Tun yaro yana ɗan shekara goma sha huɗu ake koya masa cewa idan jikinsa ya ce ya tsaya, kada ya saurare shi, kuma duk lokacin da ya yi wa ciwo kunnen uwar shegu sai a tafa masa a rataya masa lamba. Bayan shekara shida yana wannan horo, ranar da zuciyarsa ta fara ciwo, wace dabara ya sani ban da ya danne ya ci gaba? Halin da ya mai da shi zakara shi ne yake hana shi neman taimako, kuma mu da muke kewaye da shi muna kallon shirun nan muna yabawa.

Maman Yasmin:

Dakta, kin taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Mu muna zaune a Amurka shekara goma sha biyu ke nan, kuma 'yata tana ajin kusa da ƙarshe a sakandare, tana gudun mita 1,600 da na ƙetare daji, har wasu jami'o'i sun fara aiko mata da saƙo. Da farko murna kawai nake yi. Abin da ya sanyaya mini jiki shi ne wata rana da na dafa shinkafa da wake da mai da yaji, abincin da ta fi so tun tana ƙarama, sai na ga ta ture shinkafar gefe tana tsintar waken, ta ce wai wata a tawagarsu ta rage nauyi kuma ta fi da sauri. Ban yi barci ba daren nan.

Daga nan na shiga karance-karance, na ci karo da labarin Mary Cain. Wannan yarinya tana da shekara 17 ta kai zagayen ƙarshe na mita 1,500 a gasar duniya ta Mosko a 2013, ta bar batun yi wa jami'a gudu ta shiga tawagar da kamfanin Nike ya kafa a Oregon ƙarƙashin koci Alberto Salazar. A watan Nuwamba 2019 ta fito a jaridar New York Times ta ce an matsa mata ta sauko zuwa nauyin da bai wuce kilo 52 ba, ana ɗora ta a sikeli a gaban abokan gudunta, har jinin al'adarta ya ɗauke na shekara uku, ta samu karaya a ƙashi biyar, ta fara yi wa kanta rauni, tana tunanin kashe kanta. Salazar ya musanta yawancin zarge-zargen, amma a 2021 hukumar da ke kare 'yan wasa daga cin zarafi a Amurka ta haramta masa horarwa har abada. A shekarar nan ta 2021 kuma wasu mata shida da suka yi wa Jami'ar Oregon wasa suka shaida wa wata jaridar jihar cewa ana auna kitsen jikinsu da na'ura ana yi musu magana a kai, har wasu suka shiga halin ƙin cin abinci. To ni uwa ce, idan na miƙa 'yata ga irin wannan wuri, wa zai lura da farantinta?

Dakta Uwar Biyu:

Hajiya, kin yi daidai da kika lura tun da wuri. Abin da ya sami Mary Cain yana da suna a likitance, kuma kwamitin Olamfik na duniya ya fitar da matsaya a kansa a 2014. A taƙaice, idan abincin da ɗan wasa yake ci bai kai ƙarfin da yake ƙonawa ba, jiki yakan fara rufe wasu ayyukansa don ya tsira, kamar magidancin da kuɗi suka yi wa ƙaranci ya fara kashe fitilun ɗakuna. A mace jinin al'ada yakan ɗauke, a namiji sinadarin mazantaka yakan ragu, a dukkansu ƙashi yakan yi rauni har ya riƙa tsagewa, barci ya lalace, rai ya riƙa ɓaci ba dalili. Muguntar abin ita ce a watannin farko mutum yakan ƙara sauri da gaske, sai ya ɗauka ya gano sirri, kocin ma ya yaba, sauran 'yan tawaga su kwaikwaya. Lissafin yakan zo ne bayan shekara ɗaya ko biyu. Ɗaukewar al'ada ga 'yar wasa ba alamar ƙwazo ba ce, dalilin ganin likita ne, kuma na san a gidajenmu kunya takan hana uwa da 'ya yin wannan magana, amma dole a yi ta.

Ɗan Damagaram:

Iyayena da yayyena, ku gafarce ni, ni ƙaramin cikinku ne kuma ban taɓa fita waje ba. Idan abin ya kai haka, me ya hana mutum ya ajiye gudun kawai ya fuskanci karatunsa? Ai ba dole aka yi masa ba.

Malamin Lissafi:

Ƙanina, tambayarka ita ce wadda ni ma na yi wa yaron, kuma amsarta ta fi yadda nake zato nauyi. Shekaru da yawa dokar NCAA ta ba kowace babbar jami'a guraben tallafin karatu 12.6 ne kacal ga maza a dukkan wasannin guje-guje da tsalle-tsalle, mata kuma 18, sai koci ya yanyanka su kamar nama, wannan rabi, wancan kwata. A makarantu da yawa shekara-shekara ake sabunta tallafin. Bayan sulhun da aka yi tsakanin NCAA da 'yan wasan da suka kai ta ƙara, wanda kotu ta amince da shi a 2025, makarantun da suka shiga tsarin sun koma ƙayyade yawan 'yan tawaga, gudun ƙetare daji mutum 17, wanda ke nufin wanda ya yi jinya mai tsawo yana iya rasa gurbinsa. Ga ɗalibin da ya zo daga Afirka kuwa, tallafin nan shi ne kuɗin makaranta, kuɗin makaranta shi ne biza, kuma a gida akwai uwa da ƙanne da suka riga suka sa rai. Mutumin da ya kamata ka gaya wa ba ka da lafiya shi ne mai riƙe da alƙalamin da zai sabunta maka zama a ƙasar. Wa zai buɗe baki?

Akwai labarin Marko Cheseto, ɗan Kenya da ya yi wa Jami'ar Alaska da ke Anchorage gudu. A farkon 2011 ɗan'uwansa kuma abokin gudunsa a makarantar, William Ritekwiang, ya kashe kansa. Marko ya shiga damuwa mai tsanani yana ɗora wa kansa laifi, kuma a watan Nuwamba na shekarar ya fita cikin dusar ƙanƙara ya ɓace fiye da kwana biyu. Ya dawo da rai, amma sanyi ya riga ya cinye ƙafafunsa, dole aka yanke su duka biyu. Allah da ikonsa, daga baya ya koma gudu da ƙafafun roba, har ya gama gudun famfalaki na Chicago a 2019 cikin awa 2 da minti 37 da 'yan daƙiƙoƙi, yana kuma fitowa fili yana magana a kan abin da ya same shi. Ku yi tunanin yaron da ya tashi a ƙauyen da kowa ya san kakansa, aka ajiye shi a garin da rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu a lokacin hunturu. Wannan batu ba nesa yake da mu ba, domin 'yan Najeriya ma ta wannan ƙofa suke shiga, irin su Tobi Amusan da Blessing Okagbare da suka yi jami'ar El Paso a Texas, ko da yake namu sun fi yawa a gajeren zango da tsalle.

Duk da haka ba zan ce kuɗi ne kaɗai ba. Madison Holleran tana Jami'ar Pennsylvania ne, wadda ke cikin rukunin tsofaffin jami'o'in da ba sa ba da tallafin wasa kwata-kwata. Tana ajin farko, shekararta 19, ta rasu ta hanyar kashe kanta a Filadelfiya a watan Janairu 2014. Iyayenta sun san tana cikin damuwa kuma an fara neman taimako, ta ma yi tunanin barin gudun, amma wanda duk ya kalli hotunanta a Instagram murmushi kawai yake gani. Haka Sarah Shulze ta Jami'ar Wisconsin, mai shekara 21, a watan Afrilu 2022, wadda iyayenta suka ce haɗa wasa da karatu da buƙatun yau da kullum ne ya fi ƙarfinta a wani lokaci guda na yanke ƙauna. Wanda tun yana yaro ba a san shi da komai ba sai gudu, idan ka ce ya ajiye, ji yake kamar ka ce ya ajiye sunansa.

Malam Na Ƙofar Mata:

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina bin maganarku tun farko, kuma ina so in gyara wani abu da mu masu wa'azi muke da hannu a cikinsa. Sau da yawa idan matashi ya ce ransa a ƙuntace yake, abin da muke fara ce masa shi ne ya ƙara imani, kamar dai ƙarancin imani ne ya kawo ciwon. Wannan yana sa mai ciwo ya ƙara ɓuya, domin yanzu ga ciwo ga zargi. Ya tabbata a Bukhari cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa Abdullahi ɗan Amru, lokacin da ya tsananta wa kansa da azumi da tsayuwar dare, cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. Idan an hana mutum ya gallaza wa jikinsa saboda ibada, ina ga saboda lambar yabo? Haƙuri a shari'a bai hana neman magani ba. A yi addu'a, a kuma je asibiti, ɗaya ba ya kore ɗaya.

Tsohon Koci:

Allah ya gafarta Malam, na ji, kuma jikina ya yi sanyi. Dakta, maganarki ta tuna mini da wata yarinya da na horar shekaru da suka wuce, wadda ban taɓa ba kowa labarinta ba. Ita ce ta fi kowa biyayya a wajena, idan na ce zagaye goma sai ta yi sha biyu, kuma ita nake nuna wa sauran a matsayin abin koyi. Wata shekara ta fara ramewa, ƙwaurinta yana ciwo, ina ganinta tana ɗingishi idan ta ɗauka ba na kallo, amma da zarar mun haɗa ido sai ta miƙe. Na ce a raina wannan ita ce jaruma. Ana saura mako biyu gasa ta daina zuwa, na aika gidansu aka ce tana ɗaki ba ta magana da kowa, ni kuma na yi fushi na ce ta watsa mini ƙasa a ido. Ban sake nemanta ba. Yau da na karanta bayaninki na gane cewa watakila ni ne ban san abin da nake kallo ba.

Amma ku bar ni in kare 'yan'uwana masu horarwa a wuri ɗaya. Nauyin jiki yana da tasiri a gudun dogon zango, wannan ba ƙarya ba ne, kuma kocin da ya ce bai san haka ba yaudara yake yi. Shi ma kocin jami'a akwai wuƙa a wuyansa, idan tawagarsa ba ta ci ba za a sallame shi. To ina iyakar take? Idan ba zan yi maganar nauyi ba, ba zan matsa wa yaro ba, me ya rage na aikin koci?

Dakta Uwar Biyu:

Baba, ba kowa ne zai iya faɗin abin da ka faɗa a gaban jama'a ba, Allah ya saka da alheri. Ba wanda ya ce kada ka matsa wa yaro a fili, domin atisaye mai tsanani shi ne aikin. Iyakar ita ce maganar nauyi da abinci ta bar hannun mai zaɓen wanda zai shiga gasa, ta koma hannun likita da masanin abinci, a ɗaki a rufe, kuma a duba ƙashi da jini da barci, kada a tsaya ga lambar sikeli kaɗai. Haka kuma mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa ya zama ba ya kai rahoto wurin koci. NCAA ta fitar da jagora a kan wannan tun 2016 ta kuma sabunta shi a 2024, sai dai rubutu daban, abin da ke faruwa a filin atisaye da ƙarfe shida na safe daban.

Game da tsoron cewa wanda ya tsaya ya yi jinya ya gama yawo, ga Molly Seidel. Ta ci gasar ƙetare daji ta jami'o'in ƙasar a 2015 tana Jami'ar Notre Dame, kowa yana jiran ta nemi gurbin Olamfik na 2016, sai ta janye ta shiga jinyar matsalar cin abinci da ke tattare da damuwa. Mutane da yawa sun ɗauka shi ke nan. A watan Agusta 2021 ta ci tagulla a gudun famfalaki na Olamfik ɗin Tokyo, wanda aka yi a Sapporo, kuma karo na uku ke nan da ta taɓa yin wannan nisa a gasa. Ita da kanta ta sha faɗa cewa lambar ba ta warkar da ita ba, ta ci gaba da fama tana kuma ci gaba da neman taimako. Allie Ostrander ma, wadda ta ci gasar jami'o'in ƙasar ta mita 3,000 mai tsallake shinge da ramin ruwa sau uku a jere daga 2017 zuwa 2019, ta fito a 2021 ta ce ta shiga jinya. Kofuna uku ba su nuna wa kowa abin da ke cikinta ba.

Ga duk wanda yake tare da irin wannan yaro, kada ka tsaya ga tambayar ya jiki, domin amsarta a shirye take a bakin kowa. Ka tambayi abu takamaimai: ƙarfe nawa ka yi barci jiya, me ka ci da rana, yaushe rabon da ka yi waya da gida. Idan kuma ka ji alamun yanke ƙauna, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, domin tambayar ba ta shuka tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. A Amurka akwai lambar 988 da ake kira dare da rana tun 2022. A gida kuma muna da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, da sassan da ke manyan asibitocin koyarwa, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

Maman Yasmin:

Na gode ƙwarai, Dakta. Na ɗauki takarda na rubuta abin da zan tambayi duk kocin da ya kira mu. Zan tambaye shi wa ke auna 'yan wasa kuma wa ke ganin sakamakon, sannan me zai faru da tallafin karatun 'yata idan ta yi shekara guda tana jinya, kuma ina son amsar a rubuce. Zan kuma roƙi a haɗa ni da wata da ta bar tawagar kafin ta gama, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma waɗanda suka tafi sun fi waɗanda suke ciki sakin baki. Batun azumi ma zan ɗauko shi tun yanzu, don in ji da kunnena yadda zai karɓi maganar. Mahaifinta yana ganin na cika bincike, amma na ce masa gara a ce na cika tambaya.

Ɗan Damagaram:

Malam, yaron naka fa, yaya aka ƙare da shi? Ka gaya wa kocin?

Malamin Lissafi:

Ban gaya wa kocin ba, amma na faɗa wa yaron a daren cewa ba zan iya riƙe maganar ni kaɗai ba, kuma idan na ga ransa yana cikin haɗari zan nemi taimako ko bai yarda ba. Na yi masa tambayar nan da Dakta ta ambata, bakina yana rawa, ya ce bai kai can ba amma yana jin tsoron inda abin yake tafiya. Washegari na raka shi har ƙofar cibiyar ba da shawara ta ɗalibai, wadda ba ta ƙarƙashin sashen wasanni, na zauna a waje ina jiransa kusan awa ɗaya. Yanzu yana zuwa duk mako, likita ya gano tsagewa a ƙashin ƙwaurin nan da yake ɗaure wa ƙanƙara, an hana shi gudu na wasu makonni, kuma har yau bai gaya wa mahaifiyarsa ba, domin ya ce bai san da wace kalma zai faɗa mata a yarensu ba. Ranar Juma'a na gayyace shi gidana cin tuwo da miyar kuka, ya ce zai zo.

Baba Koci, ina da roƙo ɗaya a wajenka, idan ba za ka ɗauke shi rashin kunya ba. Yarinyar nan da ka ba mu labari, ko akwai wanda ya san inda take yanzu?

Tsohon Koci:

Yayanta yana da shago a kasuwarmu, kusan kullum ina wucewa ta gabansa. Gobe in Allah ya kai mu zan tsaya in tambaye shi.